Wa zai horar da masu tsare lafiyar al'umma?

Idan aka tayar da zancen ƙarancin ma'aikatan lafiya a ƙasashe masu tasowa, hankali kan tafi ne ga likita da ma'aikacin jinya da ungozoma. Su majinyaci yake gani, su kuma ake ƙirgawa. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoton da ya nuna ƙasashe 57 suna cikin matsanancin ƙarancin waɗannan ma'aikata, 36 daga ciki a Afirka kudu da Sahara. Ma'aunin da aka yi amfani da shi a lokacin shi ne ma'aikata kusan 2.3 ga kowane mutum 1,000. Bayan shekara 10 hukumar ta ɗaga shi zuwa 4.45, ta kuma yi hasashen giɓin zai kai ma'aikata miliyan 18 a 2030, hasashen da aka sassauta zuwa miliyan 10 a 2022. Rahoton na 2006 ne dai ya kawo lissafin nan da har yau ake maimaitawa: Afirka na ɗauke da kashi 24 cikin 100 na nauyin cututtukan duniya, amma rabonta a ma'aikatan lafiya kashi 3 ne kacal.

Sai dai akwai wasu ma'aikatan da wannan ma'auni bai san da zamansu ba. Su ne masu bin sawun cututtuka, da masana ƙididdiga, da duba-gari, da masu tsara kasafin lafiya, da masu wayar da kan jama'a, da masu riƙe da ofishin lafiya na gunduma. Likita mutum ɗaya yake dubawa, su kuwa gari guda ne a gabansu. Idan babu su, asibiti zai yi ta karɓar majinyata ne kawai, ba wanda ya san daga ina cutar ke ɓullowa, balle a toshe ta. Jami'a ce ke samar da irin waɗannan mutane, kuma a ganina matsalar yawancin ƙasashe masu tasowa ba ta rashin kwasa-kwasai ba ce yanzu. Matsalar ita ce jami'a tana can tana yaye ɗalibai, ma'aikatar lafiya tana nan tana neman ma'aikata, kuma da wuya ka same su zaune a teburi ɗaya.

Don a gane abin da ake nema, a ɗauki jami'in lafiya na wata gunduma a safiyar Litinin. Rahotannin mako sun iso daga ƙananan asibitoci, wani a takarda, wani ta saƙon waya, wasu ma ba su aiko ba. Ya ga wani asibiti da masu gudawa suka ninka abin da aka saba gani, kuma da yawansu manya ne. Wanda ya samu horo ya san gudawa mai tsananin ruwa a jikin manya abin zargin kwalara ce har sai gwaji ya wanke ta. Ba zai jira wata ya ƙare ba. Zai je wurin da kansa, ya ja layi a takarda, ya rubuta kowane majinyaci: shekarunsa, unguwarsa, ranar da ciwon ya fara, inda yake ɗibar ruwan sha. Zai aika samfur ɗakin gwaji, ya zana yawan masu kamuwa rana bayan rana. Idan zanen ya tashi lokaci ɗaya ya sauka, akwai alamar tushe ɗaya ne, wataƙila rijiya ko famfo. Idan yana hawa daki-daki, cutar ta fara yaɗuwa. Hanyar da likita John Snow ya bi ke nan a Landan a 1854, har ya kai ga famfon da ke raba wa mutane kwalara. Kafin jami'in ya bar asibitin zai leƙa firijin rigakafi, ya duba takardar da ake rubuta sanyinsa safe da yamma, wanda ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 2 zuwa 8. Idan ya ga lamba ɗaya tun farkon wata, da biro ɗaya, da hannu ɗaya, ya san a zama ɗaya aka cike ta.

Babu na'ura mai tsada a duk wannan aiki. Ido ne da aka horar, kuma ba a samunsa daga lacca kaɗai.

Yadda aka faro koyar da fannin yana da hannu a halin da ake ciki. A 1915 William Welch da Wickliffe Rose suka rubuta wa Gidauniyar Rockefeller rahoton da ya ba da shawarar lafiyar al'umma ta samu makaranta tata ta kanta, kuma a 1916 aka kafa ta Jami'ar Johns Hopkins a Amurka. Tun a lokacin akwai ja-in-ja. Rose ya fi son a horar da ma'aikatan da za su bazu cikin ƙasa, Welch ya karkata ga cibiyar bincike mai zurfi, kuma ra'ayin Welch ne ya yi rinjaye. A Ingila kuwa, makarantun cututtukan ƙasashe masu zafi da aka buɗe a Liverpool a 1898 da Landan a 1899, an yi su ne musamman don likitocin da ake turawa ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkin mallaka. Abin da ƙasashe da yawa suka gada bayan 'yanci shi ne ɗan ƙaramin sashe a kusurwar kwalejin likitanci, da manhajar da aka rubuta don wata ƙasa daban, da ɗaliban da ke kallon darasin a matsayin wanda ake ci don a wuce. A 2010, lokacin da kwamitin mujallar likitanci ta Lancet ƙarƙashin Julio Frenk, tsohon ministan lafiya na Meziko, da Lincoln Chen ya yi ƙidaya, ya samu makarantun likitanci 2,420 a duniya, amma makarantu ko sassan lafiyar al'umma 467 ne. Kwamitin ya kuma ce abin da duniya ke kashewa kan ilimin ma'aikatan lafiya kusan dala biliyan 100 ne a shekara, bai kai kashi 2 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a lafiya ba.

Amsar da ta fi sauƙi ita ce a buɗe sababbin kwasa-kwasai, kuma an buɗe. A wurare da dama digiri na biyu a lafiyar al'umma ya zama saniyar tatsa ga jami'o'in da kuɗi ya yanke wa: ajin ƙarshen mako, ɗalibai cike da ɗaki, babu buƙatar ɗakin tiyata ko kayan gwaji, sai allo da kujeru. Kwalaye sun yawaita. Ko jami'in gundumar nan ya ƙaru da wani abu, wannan wata magana ce.

Inda abin ya fi cizo shi ne malami. Gini ana iya gama shi cikin shekara biyu, amma kafin mutum ya zama malamin da zai iya duba aikin ɗalibin digirin digirgir, sai ya share shekara 10 ko fiye bayan digirinsa na farko. Idan sashe ya ninka ɗalibai ba tare da ya ninka malamai ba, abin da ke faruwa sananne ne. Malami ɗaya ya rungumi kundayen bincike da ba zai iya karantawa ba, sai ya tura kowa ga hanya mafi sauƙi: a rubuta takardar tambayoyi, a raba wa mutanen da ke kusa, a auna abin da suka sani da ra'ayinsu kan wata cuta, a kammala da cewa akwai buƙatar ƙara wayar da kai. A yi wa kundin bango mai kauri da rubutun ruwan zinariya, a jera shi a kanta. Ma'aikatar lafiya ba za ta taɓa ganinsa ba, ko ta gani babu shawarar da za ta yanke da shi. Alhali a ofishin gunduma akwai rajistar haihuwa da ta rigakafi da ta masu tarin fuka na shekaru, jibge, ba wanda ya taɓa zama ya tambaye su komai.

Malaman da suka fi wuyar samu su ne na ƙididdiga da na tattalin arzikin lafiya, saboda su ne kowa ke zawarci. Ba sai sun bar ƙasa ba ma. Ƙungiyar agaji da ke titi ɗaya da jami'ar za ta iya ninka musu albashi, kuma wanda ya zauna sau da yawa rabin lokacinsa na tafiya ne wajen rubuta wa masu ba da tallafi rahoto. Ba na ganin laifinsa. Tsarin ƙarin girma ma bai taimaka ba, don maƙalar da aka buga a mujallar waje ita ake ƙirgawa, amma watannin da malami ya yi yana taimaka wa ma'aikata ta gyara tsarin sa ido kan cututtuka ba su da maki ko ɗaya.

An gwada hanyoyin da suka yi amfani. Haɗakar CARTA, wadda aka kafa a 2008 ƙarƙashin jagorancin wata cibiyar binciken yawan jama'a da lafiya da ke Nairobi da Jami'ar Witwatersrand ta Afirka ta Kudu, tana ɗaukar ƙananan malaman jami'o'in Afirka ta tallafa musu su yi digirin digirgir a jami'o'in nahiyar, ana tara su lokaci-lokaci don horo na bai-ɗaya. Hikimar ita ce malamin bai tsinke daga sashensa ba, kuma tambayar da yake bincike a kai ta ƙasarsa ce. Shirin MEPI na tallafa wa ilimin likitanci da Amurka ta fara a 2010 da kimanin dala miliyan 130 ya yi wani abu da ba a saba ba: ya miƙa kuɗin kai tsaye ga makarantun likitanci 13 a ƙasashen Afirka 12, jami'o'in Amurka suka zama abokan aiki maimakon masu riƙe da jaka. A Habasha kuma, daga 1997, Cibiyar Carter ta Amurka ta yi aiki da jami'o'i 7 a kan abin da mutane da yawa za su raina: malaman ƙasar su zauna su rubuta littattafan koyarwa da kansu, a kan cututtuka da yanayin da ɗalibansu za su tarar. Ƙasar na buƙatar hakan, domin daga 2003 ta shiga horar da mata fiye da 30,000 a matsayin ma'aikatan lafiya na ƙauye, bibbiyu a kowane ƙaramin yanki, kuma dole a samu masu koya musu da masu duba aikinsu.

Bayan malami sai fili, wato horo a bakin aiki. A nan ne aka fi samun hujjar abin da ke aiki. A 1951 Alexander Langmuir ya kafa wani shiri a cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka inda matasan ma'aikata ke koyon bin sawun annoba ta hanyar bin ta da ƙafa. Tailan ta ɗauki salon a 1980, daga nan ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Tsarinsa shekara 2 ne, kusan kashi uku cikin huɗu na lokacin a bakin aiki, sauran a aji. Ɗalibin yana zaune ne a ofishin ma'aikatar lafiya, idan cuta ta ɓarke da shi ake tafiya, kuma rahoton da ya rubuta shi ne aikin da za a ba shi maki a kai. A shekarun 1990 Gidauniyar Rockefeller ta tallafa wa wani shiri mai kama da wannan a Zimbabwe da Yuganda da Gana, wanda aka yi wa laƙabi da makarantun da ba su da bango: jami'a ke ba da digiri, gunduma ce aji. Daga irin waɗannan shirye-shirye ne ƙungiyar AFENET, mai haɗa shirye-shiryen horar da masu bin sawun cututtuka a Afirka, ta fito a 2005, da mazauni a Kampala. Habasha ma tana da tsohon tarihi a nan. Kwalejin lafiyar al'umma ta Gondar an buɗe ta a 1954 bayan wata annobar zazzaɓin cizon sauro, tana horar da jami'in lafiya da ma'aikaciyar jinya da duba-gari tare, don tare za su yi aiki. Jami'ar Jimma ta yi suna wajen tura ɗalibanta cikin ƙauyuka tun shekarun farko na karatu.

Annobar Ebola ta 2014 zuwa 2016 ta auna kowa. Mutane fiye da 28,000 suka kamu a Gini da Laberiya da Saliyo, fiye da 11,000 suka rasu, cikinsu har da ma'aikatan lafiya sama da 500. Laberiya ta shiga annobar da likitoci kimanin 50 ga mutane fiye da miliyan 4, kuma a Gini cutar ta yi watanni tana yawo kafin a gane ko mece ce. Da ta shiga Legas a watan Yulin 2014 an yi fargabar abin zai fi haka muni. Aka tsaya a kan mutum 20 da suka kamu, 8 suka rasu, kuma ranar 20 ga Oktoba aka ayyana ƙarshenta a Najeriya. Dalilai da yawa ne suka haɗu, ciki har da tsarin da aka gina don yaƙi da shan-inna, amma daga cikin waɗanda suka bi sawun mutane kusan 900 da suka yi hulɗa da masu cutar, gida-gida, kullum har kwana 21, akwai ɗalibai da tsofaffin ɗaliban shirin horon fili da ƙasar ta fara a 2008.

Burin da aka sa a gaba a duniya shi ne a samu ƙwararren mai bin sawun cuta ɗaya ga kowane mutum 200,000. Ƙasa mai mutum miliyan 50 ke nan tana buƙatar 250. Idan shirinta na yaye 15 a shekara, sai ta yi kusan shekara 17, in har ba wanda ya tafi ko ya yi ritaya. Shi ya sa aka raba horon hawa uku: na wata 3 ga ma'aikatan gunduma, na wata 9, sannan na shekara 2. Jami'ar da ta ɗauki kanta ta fi ƙarfin gajeren kwas na wata 3 ta bar wa wasu mafi yawan ma'aikatan ƙasarta.

Game da manhaja ba sai an tsawaita ba. Ɗalibi yana buƙatar ilimin yaɗuwar cututtuka da ƙididdiga, amma ranar da ya kama aiki abin da zai fara cin karo da shi shi ne kasafi, da sayen kaya, da ma'aikacin da ba ya zuwa aiki, da shugaban al'ummar da ya ce ba za a yi rigakafi a yankinsa ba. Hawan jini da ciwon suga da haɗurran mota sun shigo sahun manyan masu kisa tun ba a gama da ƙyanda da zazzaɓi ba. Kuma dole ya iya aiki da alƙaluma masu giɓi: wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ce mutuwa 4 cikin 10 a duniya ba a yi musu rajista, a yankin Afirka kuwa 1 cikin 10 kawai ake rubutawa. Littafin da aka rubuta a ƙasar da ake sanin dalilin mutuwar kowa ba zai koya masa yadda zai yi a nan ba.

Wanda ake ɗauka ma abin dubawa ne. Bincike a ƙasashe daban-daban ya nuna ɗalibin da ya tashi a karkara ya fi yiwuwar komawa aiki a karkara, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan cikin shawarwarinta tun 2010. Tailan ta daɗe da gane haka. Tun ƙarshen shekarun 1960 ta wajabta wa sababbin likitoci aikin gwamnati na shekara 3, a 1994 kuma ta fara ɗebo ɗalibai daga karkara tana horar da su a asibitocin ma'aikatar lafiya na larduna. Da ta ƙaddamar da inshorar lafiya ga kowa a 2002, ta tarar da ma'aikata a gundumomi suna jira.

To, a ce an samu malami, an samu fili, an yaye ɗalibi nagari. Ina zai je? Nan ne tsarin ke yawan tsinkewa. Ma'aikatar ilimi ke kula da jami'a, ma'aikatar lafiya ke buƙatar ma'aikaci, ma'aikatar kuɗi ke cewa a ɗauka ko kada a ɗauka. A ƙasashe da yawa jadawalin aikin gwamnati bai ma san da muƙamin mai bin sawun cuta ko masanin tattalin arzikin lafiya ba. Ma'aikaciyar jinya ta je ta yi digiri na biyu, ta dawo, aka mayar da ita ɗakin majinyatan da ta baro, da albashin da ta baro. Wanda ba likita ba kuma, ko ya fi kowa iya aikin, akwai matakin da ba zai wuce ba, don an ware kujerun shugabanci ga likitoci. Haka ake samun ƙasa tana kukan ƙarancin ma'aikata, ga kuma waɗanda ta horar suna yawo da takardu. Shugabannin Afirka sun yi alƙawari a Abuja a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, kaɗan ne suka cika, kuma gurbin aiki daga kasafi yake fitowa.

Wanda bai samu gurbi a gida ba zai nema a waje. Wani nazari da mujallar likitocin Birtaniya ta buga a 2011 ya ƙiyasta cewa ƙasashen Afirka 9 sun yi asarar kimanin dala biliyan 2.17 na kuɗin da suka kashe wajen horar da likitocin da suka koma aiki a Birtaniya da Amurka da Kanada da Ostireliya. Akwai ƙa'idar ɗaukar ma'aikatan lafiya daga wasu ƙasashe da aka amince da ita a 2010, da jerin ƙasashe 55 da aka fitar a 2023 waɗanda ake so a daina zuwa farautar ma'aikatansu. Sai dai ƙa'idar ta ganin dama ce, kuma ba ta hana mutum neman aiki da kansa ba. Bai ma kamata ta hana ba. Wasu kan ce mafita ita ce a rage ingancin horon yadda takardar ba za ta yi amfani a waje ba, wannan kuwa hukunta majinyaci ne saboda laifin da ba nasa ba.

Abin da ya kamata a tambayi kowace makarantar lafiyar al'umma shi ne: ina ɗalibanki na shekara biyar da suka wuce? Nawa ne ke cikin ma'aikatar lafiya, nawa ke gunduma, nawa suka fita, nawa suka bar fannin gaba ɗaya? Hukumomin tantance jami'o'i sun fi ƙirga kujeru da littattafan laburare, saboda su ake iya gani a ziyarar kwana biyu. Wannan lissafin kuwa shi ne zai nuna wa ma'aikata irin guraben da za ta nema, ya nuna wa jami'a kwas ɗin da za ta faɗaɗa da wanda za ta rufe.

Sai batun wa ke biya. Yawancin shirye-shiryen da na ambata da kuɗin waje aka fara su, wasu har yau a kansa suke. Tallafi yana zuwa ne da wa'adin shekara uku ko biyar, kuma sau da yawa a ɗaure da cuta ɗaya, alhali gina sashe aikin shekara 20 ne. A watan Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da akasarin tallafinta na ƙasashen waje, daga baya ta rufe USAID, hukumarta ta bayar da tallafin, kuma ayyukan lafiya da dama a ƙasashe masu tasowa suka tsaya cak cikin 'yan makonni. Kuɗin horon fili ba wasu manya ba ne: alawus ɗin ɗalibi, man motar zuwa inda cuta ta ɓarke, ladan jami'in da ke duba shi a gunduma, da albashin malamin ƙididdiga da zai sa ya zauna. Tailan tun farko a cikin ma'aikatar lafiyarta ta ajiye nata shirin, kuma ya haura shekara 40 yana yaye ɗalibai, har daga ƙasashe maƙwabta.